Ƙasarin da Ba a Auna Ba

Daro ne na ƙarfe, babu kome a cikinsa, rago yana tura shi da hanci a kan daɓe. Ƙarar ba ta da yawa. Ta yi ƙurrr ta tsaya, can kuma ta sake. Wanda bai taɓa kiwo ba ba zai ma kula da ita ba. Ni kuwa ita ce ta ɗora mini kayan da na yi shekaru ina ɗauke da su, kuma ita ce ta hana Kawu Lawali zama purofesa. Na gaji da ajiye maganar a ciki, shi ya sa na zauna rubuta ta.

Ku da kuka san shi kun san bai taɓa shiga gida ya fara da mutane ba. Sallama ɗaya daga zaure, sai ya zarce wurin turke. Ya matsa ƙugun rago, ya buɗe bakin akuya, ya tsinci harawa ya jefa a bakinsa yana tauna, sannan ya waiwayo da ganye a gemu ya ce, "Zuwaira, kun kwana lahiya?" Mahaifiyata, wadda take yayarsa, har ta rasu tana cewa an kai yaro ƙasar Turawa ya yi karatun abincin dabbobi shekara da shekaru, ya dawo ya fara da cinye na gida.

Maganarsa kuma guda ce: "An auna?" Ka ce masa damina ta yi kyau bana, ya ce an auna? Ka ce wance ta rame, ya ce an auna? Yana da wani sikeli na ratayewa, mai ƙugiya, da ba ya rabuwa da jakarsa. Ranar sunan autata Nana ya rataye shi a reshen dogon yaron tsakar gidanmu na Tasawa, ya auna ragon suna. Bai tsaya nan ba, ya aiko a miƙo masa jaririyar cikin zane. Tsofaffi suka yi ta salati.

"Lawali, ɗiyar mutane ce hwa, ba buhun wake ba," in ji mahaifiyata.

"Na sani, Yaya. Buhun wake ba ya kuka in an rataye shi."

Wurin aikinsa sun taɓa ba shi mota da direba. Direban bai yi wata uku ba ya roƙi a canza masa wuri, don daga Maraɗi zuwa Mayahi babu gindin gawon da Kawu ba ya cewa a tsaya ya tsinci 'ya'yan da suka zubo. Wani taron masana da aka yi, ya je da aljihunan kwat cike da su, wata akuya ta bi shi tun daga bakin titi har ƙofar zauren taron. Mai gadi zai kore ta, Kawu ya ce, "Bar ta. Cikin duk waɗanda sunka zo yau, ita kaɗai ta zo saboda aikina."

Ana dariya, amma akwai gaskiya a ciki. A jami'a ba a ƙara wa malami girma sai ya tara rubuce-rubucen bincike, ya haɗa su cikin dosiye ya aika a duba. Shi kuwa Kawu ba ya yarda ya fitar da rubutu sai ya maimaita gwaji rani uku. Kafin ya gama ɗaya, wani ya fitar da biyar. Yaran da ya koya wa riƙon sikeli suka zama purofesa, suna shigowa biro ɗinsa, wato ofishinsa, suna cire hula, shi yana nan Dakta. Da ya rage masa shekara ɗaya ya ajiye aiki, aka gaya masa rubutu ɗaya tak ya rage dosiyensa ya cika. Rani biyu ya riga ya yi na gwajin. Na ukun ne ya kawo gidana.

"Ke kin yi koleji," ya ce, "kin iya riƙon bik ki yi rubutu, kuma kina tsoron Allah. Ba za ki yi mini ƙarya cikin kaye ba." Kaye shi ne littafin da zan riƙa rubuta lissafin gwajin a ciki.

Raguna shida ya kawo, sauran wata uku Layya. Uku ya ɗaura musu jan igiya. Su za a riƙa bai wa haɗinsa: 'ya'yan gawo da aka daka, da harawa, da dusa, da ɗan gishiri. Uku ya ɗaura musu shuɗiyar igiya. Su kuwa karan gero ne da ruwa kawai, irin abin da ragon talaka ke samu da rani. Ya ce sai an kwatanta su biyun za a san amfanin haɗin. Na ce to. Ya sa na maimaita. Na maimaita.

Kwana tara na yi.

Rana ta goma da hantsi na gama surfe, na wanke gero, ina riƙe da ƙwaryar ƙasari, ruwan nan fari mai kauri da ke fita in an wanke hatsi. Masu jan igiya sun ƙoshi sun kwanta suna tuƙa. Ɗaya daga masu shuɗiyar, wani mai baƙin kunne, yana tura daronsa da hanci yana kallona. Tun ina yarinya ban taɓa ganin macen da ta zubar da ƙasari a ƙasa ba alhali da dabba a ɗaure a gidan. A wurinmu wannan rowa ce, rowar ma ta rashin imani. Na tsaya ina tunanin ranar da za a tambaye ni hakkin abin da na ɗaure. Na ce a raina ai ruwa ne, Kawu kuma ya ce a ba su ruwa. Na juye musu.

Washegari ma ruwa ne. Rana ta uku na ga ƙanzo ya jiƙa a tukunya, na ce shi ma ai kusan ruwa ne. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ga haƙarƙarin mai baƙin kunne, ta ce wannan zalunci ne, ta fara miƙo nata ƙasarin. Kafin wata ya ƙare gida huɗu ke aikowa. A kaye kuwa kullum ina rubuta kara da ruwa, sannan in yi istigfari.

Kowace Asabar Kawu yana zuwa daga Maraɗi. A sa rago cikin buhun da aka huda wa wurin ƙafafu, a rataye a dogon yaro, ya karanta, in rubuta. Asabar ta biyar ya karanta na mai baƙin kunne, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Asabar ta shida ya ce sikelin ya lalace, ya kai shi kasuwa wurin mahauta ya gwada da nasu. Ya dawo yana magana shi kaɗai. Asabar ta takwas masu cin kara suka kamo masu cin haɗi. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Shekara talatin ina gaya ma mutane kara ba abinci ba ne. Ashe ni ne ban san kara ba?"

Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na kawo masa fura. Ban faɗa ba.

Asabar ta goma ya zo da tsoho Buba, wani makiyayi na garin Isawan, wanda suka yi shekara talatin suna gardama da shi. Buba ne ya raɗa masa Dakta Harawa. Bai ko kalli sikelin ba. Ya kama mai baƙin kunne, ya shanshana bakinsa, ya murza kashinsa tsakanin yatsu, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Dakta Harawa, wanga karatu naka ina amfaninshi? Ragon ga abincin mata shika ci. Ga warin gero nan a bakinshi."

Kawu ya juyo a hankali. Ni ina tsaye da kaye a hannu. Na faɗa masa duka, har da ƙanzon, har da gida huɗun. Na jira zagi, na jira ya ce ya yi da-na-sanin yarda da ni.

"Ƙasarin," ya ce. "An auna?"

"A'a, Kawu."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Zuwaira, da kin ci amanata kin auna, da mun samu wani abu. Kin ci amanata a banza."

Buba ya sake fashewa da dariya. Ni ma da ba ni ce mai laifin ba da na yi.

Sauran sati uku a rufe karɓar dosiye. Da la'asar wani tsohon ɗalibinsa, wanda a lokacin ya riga ya zama babba, ya kira shi a waya. Kawu ba ya jin waya sosai, sai ya buɗe murya, don haka duk na ji. Mutumin ya ce rani biyu na baya sun riga sun nuna gaskiya, a gyara lissafin na ukun kawai ya bi sahunsu.

"Malam, wa zai zo Tasawa ya duba bakin rago?"

"Buba ya zo," in ji Kawu, ya kashe wayar.

Haka ya ajiye aiki yana Dakta. Aka yi masa ɗan biki, aka ba shi agogon bango. Ya ce agogon yana gudu da minti huɗu.

Na ɗauka ba zai ƙara taka gidana ba. Watan da gero ya shiga rumbu sai ga shi da raguna shida, da sabon kaye, da tiyar awo sabuwa fil. Ya tare a tsohon gidan kakanninmu, kullum da sassafe yana bakin turke. Ya ce tunda duk littattafan da ya karanta babu wanda ya damu da ƙasari, shi zai damu. Rani uku za a yi. Jama'a, ban san ko hukunci ne ko girmamawa ba. Kowace safiya in auna geron, in auna ruwan wankin, in auna abin da rago ya sha, in auna abin da ya rage. Matan gida huɗun nan ma ya raba musu tiya. Maƙwabciyata ta ce ita tausayi ta ji wa rago, ba lakkwal ta ce tana so ta koma ta yi karatu ba. Bayana har yau yana tuna mini waɗannan shekarun.

Sau uku na roƙe shi gafara. Na farko ya ce, "Kawo tiya." Na biyu, ranar Salla ce, na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, don Allah ka yahe mini." Ya ce ragon can na ƙarshe kamar yana ɗingishi. Na uku yana kwance a asibiti, cikin rani na ukun. Likita ya shigo ya ce jininsa ya hau ƙwarai.

"An auna?"

"An auna, Baba. Sau biyu."

"To, kai na yarda da kai."

Da likitan ya fita na matsa kusa na sake roƙo. Ya dube ni, ya ce, "Wa kinka bar ma ragunan?" Kwana biyu bayan haka ya cika. Sauran kwana goma sha ɗaya gwajin ya ƙare. Na ƙarasa su ni kaɗai, ban san don wa ba. Kayen suna cikin akwatina, guda bakwai. Wani daga jami'a ya ce zai zo ya karɓa, har yanzu yana zuwa.

Wurin zaman makoki jami'a ta turo mutum biyu da takarda mai hatimi. Amma daga Kona da Atantane da Isawan mutane suka yi ta sauka daga amalanke, makiyaya da mata masu kiwon turka, waɗanda ya koya wa tara 'ya'yan gawo da adana harawa a inuwa. Buba ya zauna bakin zaure bai ci kome ba. Da zai tafi ya ce mini, "Ɗiyata, yanzu wa zan ce ma bai san kome ba?"

Allah ya jiƙan Kawu Lawali. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya yi rayuwarsa bai tauye awo ba ko a kan rago, ya Allah ka nauyaya mizaninsa. Ni kuma ka yafe mini ƙaryar da na rubuta da hannuna.

Shekaranjiya da hantsi ina wanke gero, rago ya tura daro, hawaye suka zubo mini. Nana, wadda Kawu ya rataye a sikeli tana kwana bakwai, yanzu shekararta tara. Tana zaune a kan turmin da ya saba zama, inda suke hira su biyu yana ɓare mata gujiya. Ta ce mi ya faru. Na ce babu kome, Kawunmu ne ya tafi bai ce ya yafe mini ba. Ta dube ni kamar na faɗi abin da kowa ya san amsarsa.

"Inna, ai ya yahe tun tuni. Ni ya gaya ma. Ya ce purofesa da yawa ne, amma wadda ta koya mishi ƙasari ke ɗaya ce. Ya ce kar in faɗa miki sai an gama awo, wai ke in anka gaya miki abu kuka kike yi, ki jiƙa mishi kaye."