Gefen Amalanken Ilu Sarkin Ruwa

Duk wanda ya san Ilu a Ɗanzomo ya san bai taɓa hawa amalanken wani da takalmi ba. Sai ya tuɓe fadensa, ya soke su a hammata, ya yi wa amalanken sallama ko da babu kowa a ciki, ya ɗan saurara kamar za a amsa, sannan ya taka. Mu da muke garin da ba a ganin ruwan da ya fi ƙarfin tsallake sai da damina, mu ne muka sa masa Sarkin Ruwa.

Taubashina ne, ya girme ni da shekara shida. Da ƙuruciya ya tafi ci-rani Baga, ya daɗe yana tuƙa kwale-kwale a tafki. Da ya dawo kowa na zuba ido ya ga bandar kifi buhu-buhu. Abin da ya sauke igiya ce, da tsohuwar tayar babur, da dokoki cike da ciki. Ni da karatuna ya tsaya a aji biyu, dokokin Ilu ne kaɗai darasin da na haddace, su ma sai da na sha wuya.

Ranar Alhamis mukan kai gero da wake kasuwar Maigatari a amalanken shanu. Bayan kara, inda ake cinikin shanu, akwai wata darbejiya a lungu tsakanin katanga da rami, nan muke jera amalanke gefe da gefe, a matse, har sai na ciki ya bi ta kan na waje kafin ya fita. Ilu ne a gindin bishiyar, kuma wanda ya samu gefensa shi ne shanunsa ke wuni a inuwa. Wurin nan nawa ne, kuma a kansa na yi ta faɗi-tashi da Ilu har ya bar duniya.

Shi a wurinsa lungun nan tashar jirage ce. Kafin ka tsaya gefen mutum ka yi sallama, ka tambaye shi yaushe zai tashi, don mai riga tafiya ya zauna daga waje. Ka rataya taya tsakaninku kada katako ya ci katako. In za ka ƙetare, ka bi ta goshin amalanke, ba ta baya ba, inda mutum ke ajiye tabarmarsa da abincinsa. Kuma kowa ya kafa turkensa, kada ka ɗaure a jikin maƙwabci.

Laifina na farko, na fito daga kara da kashin shanu har idon sawu, na bi ta bayan amalankensa, na tsallake kwanon furarsa.

Ya ce, "Tanko, ɗakin wa ka shiga yanzu?"

Na ce, "Wane ɗaki kuma, Yaya Ilu? Katako ne da ƙafa biyu."

"A tafki da yanzu kana cikin ruwa."

"To ai ga shi nan babu ruwan."

Ya ce, "Akwai rana. Kwance ka koma ƙarshen layi."

Kasuwa biyu na yi a can kusa da masu jakai, bijimaina na hararata. Sai da na zo da goro da haƙuri ya mayar da ni.

Ba mu kaɗai yake yi wa ba. Wata Alhamis wani direba daga Damagaram ya kawo kamiyonsa, ƙatuwar mota mai ƙafa goma, ya faka dab da amalanken Ilu ta wajen ramin. Ilu ya tashi a natse, ya ɗauko tayar babur ɗin nan da ta suɗe kamar tafin hannu, ya rataya a jikin motar.

Direban ya leƙo yana dariya. "Tsoho, in na murɗa kaɗan, wannan 'yar tayar me za ta tare?"

Ilu ya ce, "Ba za ta tare komai ba, ɗana. Na sa ta ne ka tuna akwai mutum a gefenka. Yaushe za ka tashi?"

Direban ya sauko, ya gaishe shi har ƙasa. Daga ranar in ya zo sai ya aiko masa da shayi. Mun yi mun yi Ilu ya sake taya, ya ce wannan ta ga igiyar ruwa, sababbin nan ba su san komai ba.

Sai babban laifin. Na manta turkena a gida, ga ƙasa ta yi tauri, ga ni da son jiki. Ilu na zaune a cikin amalankensa ya ba ni baya yana dama fura. Na lallaɓa na ɗaure igiyata a ƙarfen gefen nasa, ban ma cire wa shanuna karkiya ba, na ce bari in ji farashin wake in dawo. Ban yi taku ashirin ba wata mota ta danna hon. Bijimaina suka zabura, suka ja nawa, nawa ya ja na Ilu. Na waiwaya na hango Sarkin Ruwa yana tafiya da baya, zaune daram, ya rungume kwanon fura, ya nufi hanyar Nijar ba takarda. Kasuwa ta bi su da gudu. A wani tudun yashi amalanken ya kife.

Muka tono shi, fura har cikin kunne, ko ƙwarzane babu. Ya dube ni ya ce, "Shekara goma ina kan tafki ban kife ba. Sai a tudu, a hannun ɗan ƙanwar ubana. Tanko, kai da gefena an gama."

Na ɗauka wasa ne. Na kai goro, ya karɓa ya ci. Na kai dattawa, ya ba su tabarma ya saurare su. Muna cin tuwo kwano ɗaya, muna zuwa suna tare, amma Alhamis na yi sai ya nuna mini ƙarshen layi da haɓa. Shekara huɗu ina rana. Zafin bai dame ni kamar ganin tayar nan rataye tsakaninsa da wani ba.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, na je duba shi da hantsi. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na yi sallama, na zagaya ta gabansa na zauna. Don in sa shi dariya na ce, "Sarkin Ruwa, yaushe za ka tashi?"

Ya yi murmushi. "Ashe ka koyi tambaya. Wannan karon ni zan riga ka." Ya sa aka ciro tayar daga ƙarƙashin gado, ya tura mini ita da ƙafa. "Inda za a kai ni akwai fili a gefe. In lokacinka ya yi, ka zo. Amma ka yi sallama, kuma ka taho da turkenka, don can ba a ɗaurawa a jikin kowa."

Kwana uku bayan nan muka kai shi. Tayar tana rataye a amalankena, ni ne yanzu a gindin darbejiya, kuma na kori mutum biyu kan takalmi.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi maƙwabta na gari. Ni kuma Allah ya sa in isa gefensa da turkena a hannu.