Kujerar Aro

Tun ranar da na haifi ɗiyata nake ɗauke da wani tsoro: wata rana mutanen welfiya za su shigo gidana, su ga ba mu da komai, su tafi da ita. A kasuwar Kafanchan na ji mata suna cewa haka suke yi, ni kuwa na yarda.

Shekarar da cittarmu ta ruɓe a gona, maigidana ya tafi Sabon Tasha neman aikin gini. Yarinyar tana da shekara shida. Bayan tafiyarsa sai ta daina magana, ɗif. A makaranta kuma ta ciji yara biyu. Malamarsu ta kira ni, ta ce wata mata daga ofishin welfiya za ta riƙa zuwa gidanmu duk Alhamis.

Na ruga wurin maƙwabciyata, dattijuwar da muke zumuntar mata tare a coci, wadda yarinyar ke kira Kaka. Na ari kujerarta ta kushin. Ta bi ni da kallo tana murmushi kawai.

Matar ta zo a kan okada, gajera, da takalmin roba. Ba ta leƙa tukunyata ba. Ko kallon kujerar ba ta yi ba, ƙasa ta zauna kusa da yarinyar suna jera marafan kwalba. Ta koya mini in na ga yarinyar ta dunƙule hannu, in bar tsawa, in rungume ta in yi shiru. Ta ce mu kira babanta duk Lahadi bayan sujada, ko ba ta amsa ba, ta dai ji muryarsa.

Alhamis huɗu ina jigilar kujera a ka. Ran ta biyar na gaji, na ce, "Anti, don Allah ki hau kujerarmu mana."

Sai wata 'yar murya daga ƙasa ta ce, "Ba tamu ba ce. Ta Kaka ce."

Wata uku rabona da muryar nan! Kunya da murna suka haɗe mini. Na durƙusa ina kuka, na ce, "Anti, kada ki tafi da ita."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙanwata, in kai ta ina? Nawa huɗu ma sun ishe ni! Aikina shi ne ta zauna lafiya wurin uwarta. Kujerar nan kuwa na san ta. Ba ita ce mai ƙafar baya tana rawa ba?"

Da na mayar da kujerar, Kaka da kanta ta faɗa mini shekara guda Anti ta yi tana zuwa gidanta saboda jikanta.

Yanzu in babanta ya kira, sai kati ya ƙare yarinyar ba ta gama surutu ba.

Don Allah, in kin san wata uwa mai irin tsorona, ki gaya mata ta buɗe ƙofa, ko tabarma kaɗai gare ta.