Kujerar Bala

Duk wanda ya san Kawu Isa Mai Jita a Riyadh ya san ba ya taɓa tsirkiya sai an ajiye kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta Bala. Bala kuwa mai busa masa hamonika ne, ya rasu a hatsarin mota tun suna yawon kiɗan kantiri, irin na kaboyin Amurka, a otal-otal ɗin Jos da Kaduna.

Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, direba a unguwar Suwaidi ta Riyadh, ni ke kai shi wasa, yau Dir'iyya, jibi Dammam. Ga malfar kaboyi a kan jallabiya! Jitar ce ke zama gidan gaba da bel ɗinta, shi yana baya yana gumi. Kafin mu tashi sai ya sassauta mata tsirkiya, wai kada zafi ya lanƙwasa mata wuya.

A tsakiyar kowace waƙa yakan ɗauke hannu, ya yi shiru yana gyaɗa wa kujerar kai, wai nan ne wurin busar Bala. Wani mudir, manajan wurin wasa, ya taɓa sa a ɗauke kujerar, tunda ba kowa a kai.

"Kai ne dai ba ka ga kowa ba," in ji Kawu, yana rufe akwatin jita.

Da kansa mudir ya dawo da ita, har da kofin gahawa don ba'a. Mun sha dariya. Amma da na je kwashe kaya, kofin wayam, Kawu kuwa ko ƙanshin gahawa ba ya so.

Na sha tsokanarsa ya cike gurbin nan, mutane na zaton mantuwa ce. Kullum amsarsa ɗaya, ran da muka ji ya cike, mu nemo likkafani.

Wata la'asar a Dir'iyya ya ce kujera ɗaya ta isa. Da ya zo wurin shirun sai ya zarce da kiɗi, mai daɗin da ban taɓa ji ba. Larabawa na tafi, ni ina tuna zancen likkafani. A mota na ce masa ya manta da Bala.

"Ban manta ba. Cewa ya yi ya gaji da zuwa, wannan karon ni zan je."

Bai kai Juma'a ba. Wallahi har yau ina kewar shirun nan da na raina.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya jiƙan Bala, ya sada ku inda ba mai jiran wani.