Jakar Babbar Malama

Daga saman tsani mai gyaran fanka yana ganin ajin duka, abin da yake gani kuwa yana ƙona masa rai. Wata siririyar budurwa ce a gaban allo, alli ya ɓata mata hannun riga, muryarta ta dishe. Koyon koyarwa aka turo ta, wai babbar malama za ta zauna a baya tana gyara mata. Ga kujerar can. Jaka ce a kai. Mai jakar tana ɗakin malamai, har nan ana jin shewarta.

"Malamar aro!" in ji wani yaro. "Bari Anti ta dawo!"

Budurwar ta ajiye allin. Wataƙila ita ce babba a gidansu, ta saba haɗiye magana. Tana duban jakar, tana duban wata ɗaliba da ke rubutu a tsugune don ta rasa benci. Sai ta taka har baya, ta sauke jakar ƙasa, ta jawo kujerar.

"Zauna, ƙanwata."

Kowa ya san mai jakar ce za ta ce budurwar ta ci ko ta faɗi a ƙarshen zango.

Mai gyara ya ja tsaki. A sana'arsu, wanda ya bar ɗan koyo da wayar wuta ya tafi hira, kisa ya yi. Ya sauko, ya saɓa tsaninsa.

"Malama, in ta tambaya, ni na ture jakar da tsani."