Ranar da Na Goge Tsamiyar Yaya Rabi

Wata Laraba ce da damina, shekara bakwai bayan sojoji sun koma bariki, Malam Sani ya tayar da janareta ya kira mu ɗakin kwamfuta. Kwamfutoci uku ne, mu kuwa cike da benci, ga warin fetur ga na jiƙaƙƙun takalma. Ya buɗe mana shafi guda a intanet, ya ce kowa na iya rubutu a ciki, kowa na iya gyara na wani. Aikinmu shi ne mu bayyana yadda ake haɗa daddawa, ranar Juma'a kuma ɗaliban wata makaranta a Kudu za su karanta. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi. "In kuka yi shirme, da sunan Katsina kuka yi."

Yaya Rabi, shugabar ɗalibai, ita ta fara, ta rubuta wai da 'ya'yan tsamiya ake daddawa. Duk wadda ta zauna bayanta sai ta fara da rubuta sallama, ta gaida Yaya, ta tambaye ta gajiya, kafin ta ƙara layi ɗaya mintinta biyar sun ƙare. Zuwa Alhamis gaisuwa ta fi daddawar yawa. A wajen shara ana ta raɗa cewa ai da kalwa ake yi, amma wa zai goge rubutun wadda ke raba aikin cire ciyawa?

Ni ko amsa kiran suna da ƙyar ake jin muryata. Sai dai duk hutu a Batagarawa nake yi wurin kakata, ina wanke kalwa har yatsuna su yamutse. Ranar Alhamis ɗin da aka fita tara, 'yan ajinmu suna carafke a gindin darbejiya, na sulale cikin ɗakin kwamfuta. Da yatsa ɗaya na goge tsamiya na sa kalwa, na ƙara yadda ake dafa ta, a surfa, a rufe da ganye har ta yi wari. Na fito ina murna ba wanda ya gan ni.

Da safiyar Juma'a Malam ya danna wani wuri, sai ga sunan duk wadda ta taɓa shafin. Nawa ne na ƙarshe.

"Ke ɗiyar nan," in ji Yaya Rabi, "mi kika taɓa?"

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina kwana."

Ajin ya kece da dariya. Ta karanta gyaran sau biyu, ta ce, "Wallahi ta fi ni gaskiya. Amma a shigo wa mutum rubutu ba sallama?" Horona ke nan: na koma na rubuta sallama a saman gyaran. Daga nan kowa ya sami baki, aka yi ta gyara har mai ya ƙare a janareta. Da kalwa shafin ya tafi Kudu.

Yanzu ɗalibaina talatin suna rubutu a shafi ɗaya daga wayoyinsu, suna goge na juna ba wanda ya ce wa wani sannu. Aikinsu ya fi namu tsabta. Ni dai har yau, kafin in gyara rubutun wani, sai na yi sallama a zuciyata.