Ledar Da Na Ɓoye

Assalamu alaikum. Wata huɗu ba ku ji ni ba, har wasu na cewa Inna ta gaji da faɗa. Ban gaji ba. Kwance nake.

Da ciwon gwiwa ya fara. Wata maƙwabciya mai zuwa kasuwar Dole Kaina, can bakin iyaka, ta sayo mini ƙwayoyi na ƙetare, rubutun kwalin duk Faransanci. Na ce ai na yi sakandare, haruffan ɗaya ne. Ina sha safe, rana da marece, wani lokaci ba komai a cikina.

Ni da nake hana 'ya'yana sayen magani wurin 'yan talla.

Sai jiri. Sai bayan gida baƙi wuluk. Ranar da na yi aman jini kan abin salla, ɗiyata Hadiza ta kai ni asibiti a Bagudo.

Aka ƙara mini jini sau biyu. Likita ya ce, "Hajiya, jini na zuba a ciki, ba mu san dalili ba. In bai tsaya ba sai Birnin Kebbi, ƙila a yi aiki." Ya tambaya ko ina shan wani magani. Hadiza na tsaye. Na ce a'a.

Ina tsoron wuƙa, amma na fi tsoron idon ɗiyata. Kwana biyu ina kallon ruwa na ɗiga, ina tunanin wa zai riƙe mini autata.

Rana ta uku wata dattijuwa ta shigo dubiya, sai ma'aikatan jinya suka miƙe. Hajiya Saratu ce. A wani ƙaramin asibiti na bakin iyaka ta fara aiki, ta koyar shekaru da yawa, har ta shugabanci makarantar jinya kafin ta yi ritaya. Ɗalibanta na kiranta Kawo-Leda, don darasinta na farko ke nan: ba a tambayar majinyaci ko yana shan magani, cewa ake ya kawo ledar.

Ta duba katina, ta dubi nas. "Ina ledarta?"

"Ta ce babu, Malama."

"Haka na koya miki?"

Ta aiki Hadiza neman ruwan zafi, ta zauna bakin gadona. "Ƙanwata, ni ma gwiwa gare ni. Ina kika aje ledar?"

Na ce, "Bayan kwanukan tuwo."

Da aka ɗauko, ta karanta Faransancin tsaf. "Wanga shi ka cin cikinki." Likita ya canza magani. Jini ya tsaya, ba a yi aiki ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Malama da ɗalibanta.

Iyaye mata, abin da ba ku iya karantawa kada ku haɗiye. In bayan gida ya yi baƙi, sai asibiti, a ranar. Kuma ku tafi da ledar, duk abin da ke cikinta.

Hadiza kuwa, ni na faɗa mata da bakina. Sai kawai ta gyara mini filo. Na so a ce faɗa ta yi mini.