Jinin Zakara Ne Ya Tona Asirin Aminin Mijina

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni matar direba ce wadda duniyarta ba ta wuce tukunya da keken ɗinki ba. Muna zaune a gidan haya a unguwar Fadikpe ta Minna, maigidana yana tuƙa bas tsakanin Minna da Paiko, ni kuma ina ɗinkin mata a gida ina renon 'ya'yanmu. Ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da na sani game da jini shi ne ja ne, kuma in aka ce ya yi ƙasa sai a nemo ganyen ugu a matse a haɗa da madara. Ina da baki, wannan kowa a layinmu zai shaida, amma a gaban mijina da abokansa ni mai sunkuyar da kai ce. Na rubuto muku ne ba don na huce ba. Ban huce ba, kuma ba na jin zan huce.

Maigidana yana da wani amini da suka taso tare tun suna yawo ba wando. Shi ne babban abokin ango a bikinmu, ɗanmu na fari ma sunansa ya ci. Yana da shago a bakin titi, rabi kemis, rabi ɗakin gwajin jini, ga farar riga kullum a goge, ga na'urar duba jini a kan tebur yadda duk mai wucewa zai hange ta. Kowa likita yake ce masa. An ce ya taɓa aiki a wani asibiti, sai dai babu wanda ya taɓa tambayar aikin me ya yi a can.

Ciwon ya fara ne da gajiya. Mutumin da yake tashi da kwanon tuwo shi kaɗai ya koma loma biyu sai ya ce cikinsa ya cika. Ya dinga ramewa, da safe in tarar da zanin gado jiƙe da zufa, gefen cikinsa na hagu kuma ya yi tauri kamar an cusa masa ƙwarya. Ya je wurin amininsa, aka ɗebi jini, washegari aka ce maleriya ce da taifot, taurin cikin kuma saifa ce da maleriya ta kumbura. Aka kwantar da shi a bayan shago aka sa masa ƙarin ruwa mai launin ɗorawa, wai shi ne yake dawo da jini. Ya ɗan ji ƙarfi ya koma tasha. Ba a jima ba ciwo ya dawo, aka sake ɗiban jini, aka sake cewa maleriya da taifot. Haka muka yi ta yi daga wannan damina har wata daminar ta zagayo, ni kaina sai da na haddace amsar tun kafin a kawo ta.

Akwai wata maƙwabciyarmu nas, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mace mai kirki wadda ba ta shiga abin da ba a sa ta ba. Ranar da ta ga maigidana yana zaune a ƙofar gida yana haki, sai ta ja ni gefe ta ce wannan ba taifot ba ne, mu je babban asibiti a yi masa gwajin da ake ƙirga ƙwayoyin jini gaba ɗaya. Da na gaya masa sai ya ɓata rai. Ya ce zuwa wani wuri a sake gwaji daidai yake da ya tsaya a gaban majalisa ya ce amininsa maƙaryaci ne, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa karɓar kuɗin gwaji a hannunsa ba. Ya ce ina kara, ina zumunci. Ban san yadda aka yi zancen ya kai kunnen aminin ba, sai ga shi ya zo har gida yana girgiza kai, wai bai taɓa zaton mata za su shiga tsakaninsu ba. Mijina ya ba shi haƙuri, sannan ya ce ni ma in ba shi. Na durƙusa a tsakar gida na ba mutumin nan haƙuri. Duk lokacin da na tuna wannan durƙuson sai na ji kamar in yanke gwiwoyina.

Daga baya dasashinsa ya fara zubar da jini, wasu baƙaƙen tabo suka fito masa a hannu da cinya ba tare da ya buge ba. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a tashar Paiko yana lodi. 'Yan uwansa direbobi ba su san da wata kara ba, suka ɗauke shi sai babban asibiti. A ranar aka yi gwajin da nas ta daɗe da faɗa. Likitar da ta duba shi ta kira ni da wan mijina, ta zaunar da mu ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai farare masu yaƙi da cuta, akwai kuma wasu ƙanana masu tsayar da zubar jini. Nasa fararen sun hayayyafa sun wuce hankali har sun danne sauran, shi ya sa yake haki, shi ya sa jininsa ba ya tsayawa. Ta ce sankarar jini ce, irin wadda take farawa a hankali, kuma in an kama ta da wuri akwai ƙwayar da ake sha kullum, mutane suna shekaru da ita suna harkokinsu. Amma tasa ta riga ta juya ta yi tsanani. Sai ta tambaye ni ko duk tsawon ciwon nan ba a taɓa duba jininsa ba, domin duk wanda ya sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin na'ura dole ya gani. Na ce mata kusan kowane wata ana ɗiba. Ta dube ni, ta dubi wan mijina.

Ba a yi nisa ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'iza aka ba ni labari cewa babu wanda ya kai aminin nan kuka, shi ne ma ya shiga kabari ya karɓi gawar. Dangi suka yi ta sa masa albarka, wai ya yi jinyar ɗan uwansu fiye da shekara. Da na buɗe baki na ce shi ne ya cuce mu, sai wan mijina ya ce zafin rashi ne yake sa ni, kwana ne ya ƙare, wataƙila ma ciwon ne ya ɓuya. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musun ta ba. Amma na san ƙaddara daban, ha'inci daban, kuma na rantse a raina sai na nuna musu wanne ne ya same mu.

Ina cikin takaba nas ta shigo gaishe ni, na tambaye ta tsakani da Allah ko zai yiwu mutum ya duba jinin nan bai gani ba. Ta ce ba zai yiwu ba, ita zatonta ma ba ya dubawa, zubarwa yake yi ya faɗi abin da ya saba faɗa. Cikin takaici ta ce irinsu ko jinin kaza ka kai musu ba za su gane ba, alhali ƙwayar jinin kaza ba ta kama da ta mutum, doguwa ce da ɗigo a tsakiya, ko ɗalibi ya leƙa zai bambance. Ita ta faɗa ne ta wuce, ni kuwa na riƙe. Na aika wa mutumin cewa ba ni da lafiya, ga shi ba na fita, ya taimaka ya aiko da kwalbar ɗiban jini maƙwabciyata ta ɗebar mini. Jiki na rawa ya aiko, har da saƙon cewa iyalin amininsa nasa ne.

Ranar Juma'a wan mijina ya zo duba yara kamar yadda ya saba, na roƙe shi ya yanka mana zakara. Yana sa wuƙa na tara kwalbar a ƙarƙashi. Ya tsaya yana kallona kamar na taɓu. Na ce masa abu ɗaya nake roƙo don darajar ƙaninsa, ya kai kwalbar nan da hannunsa ya ce jinina ne. Ya ce wannan yaudara ce, ba zai yi ba. Na ce in mutumin ya gane, na yi alkawari zan durƙusa masa a gaban duk majalisarsu, kuma har in mutu ba zan sake ɗaga maganar ba. Ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa, sannan ya sa ta a aljihu ya fita.

Washegari da la'asar sai ga likitan namu da ledar ƙarin ruwa da allurai. Ya tarar da wan mijina da wasu direbobi abokan marigayi a tsakar gida, waɗanda na sa aka kira da sunan za a yi maganar yara. Ni ina daga bakin ƙofar ɗaki. Ya zauna ya gyara murya, ya ce shi da kansa ya duba jinin har sau biyu saboda muhimmancina a wurinsa. Taifot ta kama ni sosai, ga maleriya, jinina kuma ya yi ƙasa, in ba a sa mini ruwa yau ba ba ya ɗaukar alhaki. Wan mijina ya tambaye shi ko ya tabbata da idonsa ya gani, ya rantse da Allah. Na shiga kicin na ɗauko tukunyar farfesun da tiren da na ajiye kan zakaran da gashinsa, na dire a gabansa. Na ce masa ga mara lafiyar nan, ya nemi jijiya ya ɗaura masa ruwan. Babu wanda ya yi dariya. Wan mijina ya faɗi yadda aka yi, bai kai ƙarshe ba ya fashe da kuka. Ɗaya daga cikin direbobin ya ci kwalar mutumin, ni ce na ce a sake shi. Ba tausayi ba ne, ba na so ne a taɓa shi ya koma abin tausayi a gari. Na fi so ya fita da ƙafarsa, da farar rigarsa, kowa yana kallo.

Wan mijina da kansa ya kai ƙara wurin hukumar lafiya, aka zo aka rufe shagon. Ni kuma da na fita takaba ban bar gidan biki ko suna ko Islamiyya ba sai na ba da labarin zakaran nan, duk matar da ta kawo ɗinki sai ta tafi da shi tare da kayanta. Dattawa sun zo sun ce in yafe, wai shi ma yana da iyali kuma ya tozarta. Na ce musu iyalinsa suna ganinsa da safe.

Abin da na koya shi ne kara tana da inda take tsayawa, kuma ba ta kai bakin rai ba. Mijina ya gwammace ya ci gaba da ciwo da ya kunyata abokinsa, abokin kuwa bai ga darajar da za ta sa ya leƙa na'ura sau ɗaya saboda shi ba. Ina roƙon masu karatu, musamman mata 'yan uwana, in ana ta gaya wa naku maleriya da taifot, ana magani ciwo yana dawowa, yana ramewa, yana haki, ku kai shi asibiti a ƙirga masa jini, ko da mai shagon ubanku ne. A yi fushi da ku, a ce ba ku da kunya, fushi yana wucewa.

Yanzu na ji an ce mutumin ya buɗe sabon shago a wani ƙauye ta hanyar Zungeru, ya sake rataya farar riga. Ana ta ce mini in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah a kan na lahira. Na duniya kuwa, na riga na tambayi ranar da kasuwar ƙauyen take ci, kuma matan can za su ji daga bakina kafin ya ɗebi jinin mijin wata.